Zauren Tambaya: Jini ɗaya, lab uku, rizot uku, wanne za mu kama?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru sosai, na zaɓo guda huɗu ne saboda duk abu ɗaya suke kewayawa ko da masu su ba su san juna ba. Wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri, yana layi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka mana. Babanmu yana da ciwon suga kusan shekara takwas, likita ya ce a yi masa gwajin nan na wata uku, HbA1c. Mun yi a wani lab aka rubuta 7.0%, yayana bai gamsu ba ya kai shi wani wajen bayan kwana huɗu suka ce 8.1%, da muka je Kaduna biki aka sake yi sai ga 53, ko alamar kashi babu a jiki. Wallahi Baba ya tsorata da 53 ɗin nan har tuwon dare ya daina ci. Wane lab ne ke mana ƙarya? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin komai ki je ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, 53 ɗin nan da 7.0% abu ɗaya ne sak, wato lab ɗin farko da na Kaduna bakinsu ɗaya, kowa ne dai da yaren da ya rubuta. Wanda ya fita daban shi ne na tsakiya mai 8.1.

Bari in kawo miki abin da kika sani. In aka ce miki an sayo gero mudu goma, tambayar da duk mace mai girki za ta fara yi ita ce mudun wace kasuwa? Don mudun Dawanau daban na kasuwar ƙauyenku daban, wani mai awon ya tara hannu a baki, wani ya shafe, wani ma an bubbuge gindin kwanon tun a gida. Toh injin da ke cikin lab shi ma mudu ne. Shi bai san kashi ba bai san giram ba, abin da yake gani kawai launi ya yi duhu ko ya yi haske, ko layi ya tashi a allo. Sai an fara ɗauko wani ruwa da aka riga aka san adadin abin da ke cikinsa an ba shi ya auna, an ce masa ka ga wannan duhun, sunansa kaza, sannan ya samu abin da zai gwada jinin Baba da shi. Wannan ruwan mu a wajen aiki kalibireta muke ce masa, ruwan saiti. In ruwan saitin ya karkace duk rizot ɗin da zai fito ranar ya karkace tare da shi, kuma injin ba zai yi ƙara ba, zai buga takarda tsaf da tambari.

Shi HbA1c furotin ne ake aunawa, himogulobin, wannan da ke sa jini ja, ana duba kashi nawa ne suga ya manne wa. Ƙwayar jini tana rayuwa wajen kwana 120, shi ya sa ake cewa gwajin wata uku. A da can kowane kamfani da nasa saitin, jini ɗaya ya ba da lambobi barkatai. A 1993 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka da Kanada, DCCT, da aka yi da masu ciwon suga 1,441, ya nuna ƙarara cewa in lambar nan ta sauka lalacewar ido da ƙoda da jijiya tana raguwa. Sai matsala ta fito fili, an ce wa likitoci ku nemi 7, amma 7 ɗin wane lab? Shi ya sa a 1996 aka kafa wani shiri, NGSP, aikinsa ya ɗaure duk injinan duniya su riƙa ba da lamba irin ta wancan binciken. Wannan shi ne mai alamar kashi. Su kuma ƙungiyar masana gwajin jini ta duniya, IFCC, suka ce a'a mu je tushe, suka tace HbA1c zalla da himogulobin da babu suga a jikinsa zalla, suka gauraya su a kan sikeli da adadin da suka sani, wannan ya zama uwar mudu. Nasu lissafin da mmol/mol ake rubutawa, Ingila ma tun 2011 shi suke amfani da shi. 48 shi ne 6.5%, iyakar da ake cewa mutum ya shiga ciwon suga, 53 shi ne 7.0%. Duba takardar Kaduna da kyau za ki ga ƙananan haruffan a gefen lambar.

Saura mai 8.1. HbA1c ba ya tsalle daga 7 zuwa 8 a kwana huɗu ko da Baba ya shanye buhun suga, don haka matsalar a awo take. Ban ce sun yi ƙarya ba, ƙarya sai da niyya. Zan ba ki labarin abin da na gani da idona a wani wajen da na taɓa aiki, ba zan faɗi suna ba. Ruwan saitin nan sau da yawa a busasshe yake zuwa, 'yar kwalba kamar ta allurar yara, a gindinta wani gari fari-fari ya daskare kamar madarar gari da ta sha iska, a takardar an rubuta a zuba tataccen ruwa mil ɗaya cif, a rufe, a bari ya jiƙa rabin awa, a juya a hankali kar a girgiza. Wani yaro da ke koyon aiki bai ga fifet ba, bututun da ake auna ruwa daidai da shi, ya ɗauko sirinji ya zuƙo ruwa da ido ya antaya, ya ɗan zarce. Ka tsinka ruwan saiti ka kuma ce wa inji lambarsa tana nan yadda take a takarda, toh duk jinin da ya biyo baya sai ya karanta shi sama da gaskiya. Kwana biyu muna fitar da rizot a haka kafin wata babbar ma'aikaciya ta lura kwanturol, samfurin da muke gwada injin da shi kullum, yana ta hawa. Banda wannan ga wuta, firji ya kwana uku ba NEPA janareta ba mai, riyajen, wato sinadarin gwajin, ya sha zafin watan Afrilu, gobe a ɗauko a ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu musamman, sikila. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar AS ne, kuma wasu hanyoyin auna HbA1c suna rikicewa in akwai himogulobin S ko C a jinin, wasu kuma ko a jikinsu. Mai SS ma gwajin gaba ɗaya ba abin dogaro ba ne a wajensa don ƙwayar jininsa ba ta kai ko wata ɗaya take mutuwa. Haka wanda aka ƙara wa jini kwanan nan ko mai ƙarancin jini sosai. In ba ku san jinotayif ɗin Baba ba ku duba, ku faɗa wa likita.

Shawarata ku zaɓi lab ɗaya ku zauna a kansa, ku daina yawon neman rizot mai daɗi. Ku tambaye su kai tsaye, injinku yana da shaidar NGSP? Kuna shiga gwajin da ake aiko muku da samfuri daga waje a ga ko kun dace da sauran lab? A Najeriya hukumar MLSCN ce ke kula da ɗakunan gwaji. Wanda ya amsa miki da sakin fuska ki riƙe shi, wanda ya haɗe rai ya ce ke likita ce, kin samu amsa. Batun magani da tuwo kuma ku koma wajen likitansa da takardun duka uku, kar Baba ya zauna da yunwa yana shan maganin suga, wannan ya fi 53 ɗin hatsari.

TAMBAYA: Slm Malam, ni ɗalibi ne ajin ƙarshe a bayokemistiri, furojet ɗina a kan furotin ɗin ganyen zogale ne. Na auna da hanyar Bradford abokina ya auna irin samfurin da Lowry, lambobinmu ko kusa ba su yi ba, sufabaiza ya ce ɗayanmu ya ƙirƙira ne. Wallahi ban ƙirƙira ba. Kuma wai shi wannan uwar mudun da kuke faɗa a ina ake ajiye ta, waye ya ce ita ce daidai? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa na yarda da kai, kuma mai yiwuwa abokinka ma bai ƙirƙira ba. Ka ce wa Malam, cikin ladabi fa, hanyoyin biyu ba abu ɗaya suke gani ba. Ta Lowry, wadda aka wallafa a 1951, da jan ƙarfe take aiki da wani riyajen da ke son tairosin da tiriftofan, biyu daga cikin amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Ta Bradford ta 1976 wani shuɗin rini ne ke manne wa furotin, ya fi kama wani amino asid ɗin, ajinin. Furotin ɗin da ke da ajinin da yawa zai yi shuɗi sosai a wajenka, a wajen abokinka ya zama ba komai ba. Sannan ganye cike yake da sinadaran finol, su kuma suna ba da launi a Lowry kamar su furotin ne alhali ba su ba ne, don haka in nasa ne ya fi yawa ga inda za ku fara dubawa.

Sai babbar magana, da me kuka ja layin saitinku? Na san amsar, BSA, albumin ɗin jinin saniya, don shi ne mai araha kowa shi yake saye. Toh lambar da ka samu ba tana cewa ga adadin furotin ɗin zogale ba ne, cewa take samfurin nan ya yi launi daidai da BSA kaza. Da ka canza ka sa gama-gulobulin lambar za ta canza, zogalen kuwa yana nan yadda yake. Kuma garin BSA ɗin da ke cikin kabad ɗin dipatmen tun zamanin wane, ana buɗewa ana rufewa, ya sha danshin damina, in ka auna miligiram goma a sikeli wani kaso ruwa ne ka auna. Ka rubuta a furojet ɗinka hanyar da ka bi da abin da ka yi saiti da shi, ku kuma haɗa ruwan BSA ɗaya ku raba biyu ku sake.

Tambayarka ta biyu ta fi min daɗi. Kilo ɗaya dai an huta da shi, daga 1889 har zuwa Mayun 2019 wani dunƙulen ƙarfe ne a ajiye a Sebur kusa da Faris, duk dutsen awon duniya jikansa ne. Furotin ba ya yarda a yi masa haka don ba abu ɗaya ba ne, iri ɗaya ma a jinin mutum wani an gutsure masa wutsiya, wani suga ya manne masa, wani ya rungume wani furotin suna yawo tare. Saboda haka uwar mudun ba ɗaya ba ce, gidaje ne kaɗan suka raba aikin. A Amurka akwai NIST, hukumar ma'auninsu, su ke sayar da ruwan BSA mai lamba SRM 927 a cikin kwalba da aka narke bakinta, da takardar shaida da ta faɗi adadin da kuma iyakar shakkar da ke cikin adadin, a 2016 kuma suka fito da NISTmAb don masu haɗa magungunan antibodi. A garin Gel na Beljiyam akwai cibiyar Tarayyar Turai da ta riƙa rarraba CRM 470 da aka fitar a 1993, ruwan jinin mutane da yawa aka haɗa aka busar, daga baya a 2008 ERM-DA470k ya gaje shi, albumin da IgG da taransferin da sauransu, furotin fiye da goma, na asibitocin duniya da shi ake saita su. Sai cibiyar NIBSC da ke arewa da Landan, su ke riƙe da mafi yawan ma'aunan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Waye ya ce ita ce daidai? Wani lokacin sikeli ne ya ce, a farfasa furotin ɗin zuwa amino asid a ƙirga da injin mas-sifek. Wani lokacin kuma, kar ka yi dariya, kwamiti ne kawai ya zauna ya ce daga yau abin da ke cikin kwalbar nan yunit kaza ne, kowa ya bi. Haka aka yi wa insulin a 1925, yunit ɗin da masu suga ke ja a sirinji daga nan ya samo asali, haka aka yi wa antibodin korona a Disamban 2020. Ba laifi ba ne, sarkin kasuwa ma haka yake yi, ya ɗaga kwano ɗaya ya ce wannan ne mudun garin nan. In ta kusa ƙarewa a yi sabuwa a gwada ta da tsohuwa kafin a saki.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwalbar ta zama tana hali irin na jinin mara lafiya a cikin kowane inji. An sha yin mai kyau tsaf, tatacce, amma inji ya gan shi daban da jinin gaske. Turoponin, wanda ake aunawa in ana zargin bugun zuciya, NIST sun yi masa SRM 2921 amma har yau lambar kamfani kaza ba ta zama ta kamfani kaza ba, kowane inji da iyakarsa. Kuma kar ka ɗauka mu kaɗai ne ke shan wannan kunyar, a wani gwaji da aka wallafa a 2009 an aika wa manyan lab 27 kwalba mai furotin 20 da aka san su sarai, guda 7 ne kacal suka faɗi duka ashirin ɗin daidai a karon farko. Masu injin miliyoyin daloli kenan fa.

TAMBAYA: Malam ni shekarata 61, PSA ɗina bara 3.9 bana a wani asibitin 3.2, maganin gargajiyar da nake sha ne ya yi aiki? Daga wani dattijo a Maraɗi.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, ba zan iya ba maganin wannan lada ba tukuna. PSA, gwajin jinin da ake yi wa maza don duba lafiyar furostet, ma'auni biyu ne ke yawo a duniya, tsohon na kamfanin Hybritech wanda a kansa aka gina iyakar nan ta 4.0, da na Hukumar Lafiya ta Duniya na 1999 wanda ke karantawa ƙasa da wajen kashi 20 cikin ɗari. Cire kashi ashirin daga 3.9 ka ga inda ka sauka, kusan 3.1. Wato zai yiwu ba abin da ya motsa a jikinka, kwano aka canza. In da na biyun aka yi maka, 3.2 ɗin ma ba lambar da za a naɗe takarda a manta ba ce. A koma asibitin farko a sake, a kai wa likitan mafitsara duka biyun, a kuma gaya masa abin da ake sha.

TAMBAYA: Oga ina kiwon kaji masu ƙwai, ina haɗa abincinsu da kaina. Na sayi dusar waken suya an ce furotin 46%, na kai lab biyu ɗaya ya ce 44 ɗaya ya ce 48, kajin kuma ƙwai ya ja baya. Su ma masu gwajin abinci suna da irin wannan uwar mudun? Daga wani mai gona a Kumasi.

AMSA: Alhaji suna da ita, akwai garin hatsi da madara da abincin dabbobi da ake sayarwa da takardar shaida don lab ya gwada kansa, amma naka lamarin akwai wani abu a ƙasa. Gwajin da ake yi wa abinci ba furotin yake ƙirgawa ba, naitirojin yake ƙirgawa. Wani ɗan Denmak, Johan Kjeldahl, ya fito da hanyar a 1883, a dafa samfurin da asid mai zafi har ya narke ya zama ruwa garau, a auna naitirojin ɗin a ninka da 6.25, saboda yawanci kashi 16 cikin ɗari na furotin naitirojin ne. Madara da 6.38 ake ninkawa, alkama 5.7. Sannan wani lab yana ba da lamba a kan busasshen nauyi bayan ya cire danshi, wani yana bayarwa yadda ka kawo. Dusa mai danshi kashi goma, in a yadda take 44 ce, a busasshe ta haura 48. Ka ga 44 da 48 ɗinka za su iya zama magana ɗaya, ka duba ƙasan takardun ko ka kira su ka tambaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwan da ya ja baya. Tunda naitirojin ake ƙirgawa, duk abin da ke da naitirojin zai wuce a matsayin furotin. Takin yuriya kashi 46 ne naitirojin, ɗan kaɗan aka barbaɗa a dusar da aka cakuɗa da ƙaiƙayi lambar ta koma sama fes, saniya cikinta yana iya sarrafa kaɗan daga ciki amma kaza ba abin da zai yi mata sai illa. Irin wannan algus ɗin ne aka yi a Chaina a 2008 da melamin a madarar jarirai, yara kusan 300,000 suka kamu, shida suka rasu, kuma madarar ta ci gwajin furotin lafiya lau. Ban ce haka aka yi maka ba, ƙwai yana ja baya don zafi ko ƙarancin ruwa ko cuta ko kajin sun tsufa. Amma ka ɗebi samfuri daga sama da tsakiya da gindin buhu biyar ko shida, ka gauraya sosai ka raba biyu, ka ce a duba maka yuriya daban ba jimillar naitirojin kawai ba, in da hali a duba amino asid ɗin nan biyu, laisin da metiyonin. Rabin da ya rage ka ƙulle a leda ka rubuta kwanan wata ka ajiye, in magana ta kai gaban dillali shi za ka ɗauko.